Likitan Ido Bai Gama Magana Ba Kuka Ɗauki Kira

Zuwa ga Malam mai gabatar da shirin hira da masana na hantsin Laraba, ta hannun mai girma Manajan gidan rediyonku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki baki ɗaya.

Ban sa sunanka ba, ban sa na gidanku ba. Ka san kanka, masu saurare ma sun san ka, ni kuma ɗan kasuwa ne, ba na son abin da zai kai ni ofishin lauya.

Sunana Bukar, ina sayar da yadi da atamfa a wani layi cikin Kantin Kwari, gidana yana Kwaciri. Kakana fatauci ya kawo shi Fagge daga Barno, ya ga ciniki ya manta hanyar komawa. Karatuna na boko ya tsaya a sakandare, ragowar a kasuwa na yi shi, sai kuma a shirinka.

Saboda haka dole in fara da yabo. Wallahi ka wayar da layinmu. A da in mun gama jera kaya, hirarmu ba ta wuce farashin dala da ƙwallon Turai. Yanzu sai ka tarar da mai leshi da mai shadda suna ɗaga murya a kan nisan rana da ƙasa, kwastoma na tsaye yana jiran canji. Kuma akwai wani gata da kake yi mana wanda babu makarantar da ke yin sa: kana ba mu ilimi rabi-rabi, don kada ya yi mana nauyi a ciki. Duk masanin da ka kawo, da zarar ya iso inda maganar take, sai ka ce lokaci ya yi halinsa.

Ka kawo mai ilimin taurari. Ya taho da mu a hankali har bakin dalilin da ya sa ake ganin jinjirin wata a wani gari ba a gan shi a wani ba, sai muka ji tallar maganin basir. Ka kawo tsohon ɗan ƙwallo, ya ce sirrin bugun da ke lanƙwasa a iska ya kauce wa gola yana ga inda ƙafa ta taɓa ƙwallon. Har yau ba mu san inda take taɓawa ba. Ka kawo wata Hajiya malamar jami'a a kan abin da ya sa soron ƙasa na kakanninmu ya fi ɗakin siminti sanyi, ta ce dalilai uku ne, muka samu ɗaya da rabi. Duk waɗannan na haƙura. Wata zai tsaya ko na gane ko ban gane ba, ƙwallo kuma ba ni ke bugawa ba. Amma hirar likitan ido, ita kam ta shigo shagona ta zauna, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in gaya maka yadda muke aiki, don ka san abin da ka taɓa. A layinmu babu mai ƙarfin cika kwantena shi kaɗai, sai mu haɗa hannu mu yi oda guda daga Chana. Kamfani ya aiko da katin samfur, ƙyallaye ƙanana a jere, kowanne da lambarsa. Mutum ɗaya ne ke zama da katin nan ya zaɓi kalolin da za a buga mana: wannan zai tafi da sallah, wannan matan Nijar ke nema, wannan na anko ne, wannan kuwa zai kwana a shago har ya koɗe. In ya zaɓa daidai kowa ya ci abinci. In ya kuskure, layi guda ya zauna yana kallon kayan da ko tayawa ba a yi. Mai wannan aiki muna ce masa mai ido. Ni ne mai idon layinmu tun kafin furfura ta san hanyar gemuna. Babu albashi a ciki. Abin da ke ciki, in na yi magana a kan yadi ana yin shiru, in kaya sun iso kuma ni ke fara ɗiba. Wanda ya san kasuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, ranar Larabar da nake magana, rediyon tana kan teburin Alhaji Tanimu kamar kullum, shagonsa ne ke kallon nawa. Likitan da ka kawo mutum ne mai natsuwa, Hausarsa a warware. Ya ce akwai mutanen da ake haifa idonsu ba ya rarrabe wasu launuka, musamman ja da kore da danginsu. Ya ce ba makanta ba ce, mutum na ganin komai tar, yana karatu, yana harkarsa. Ya ce ya fi yawa a maza, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Sannan ya faɗi wadda ta tsaya mini a rai: da yawa daga masu abin sukan tsufa ba su sani ba, domin tun suna yara sun haddace sunan da mutane ke kiran kowane abu da shi, sun ɗauka abin da suke gani shi kowa ke gani.

Kai da bakinka ka tambaye shi yadda mutum zai gane yana da shi. Tambaya mai kyau, Allah ya saka maka. Ya ce akwai gwaji mai sauƙi. Ya ja numfashi zai faɗe shi, sai ka ce likita riƙe maganarka, muna da mai kira.

Mai kiran ya gaishe ka. Ya gaishe da likita. Ya gaishe da Manaja, da surukansa na ƙauye, da 'yan ƙungiyarsu ta masu saurare ɗaya bayan ɗaya har da laƙabinsu, ya ce shirin yana kyau, ya kashe waya. Tambaya ko ɗaya bai yi ba. Mai kira na biyu ya nemi maganin ƙaiƙayin ido na amaryarsa. Daga nan talla, daga talla sai lokaci ya yi halinsa. Ka ce in Allah ya yarda za a dawo da likita ya ƙarasa. Larabar da ta biyo muka taru tun da wuri, muka ji wani bawan Allah yana koya mana kiwon tarwaɗa.

Yanzu ga abin da rabin hirar nan ta jawo mini, zan jero maka su yadda suka faru.

Na ɗaya. Kana yin sallama Alhaji Tanimu ya rage muryar rediyo, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Bukar, ashe ankon Hajiya Uwani yana da dalili." Alhaji Tanimu mutumin kirki ne, sahu ɗaya muke sallah, amma ya daɗe yana ganin hannunsa ya fi dacewa da katin samfur. Ankon da yake nufi tsohon zance ne. Hajiya Uwani wata kwastoma ce, ta nemi ruwan hanta don bikin 'yarta, na ba ta, ta kai gida ta dawo da shi tana cewa ruwan ƙasa na ba ta. A lokacin duk layi ya yarda laifin ƙwan sola ne, farin nan mai kashe kala, wanda saboda shi kowace mace mai wayo take fita da atamfa rana kafin ta biya. Shi kansa Alhaji Tanimu ya taya ni ba ta haƙuri. Shekara da shekaru laifin na kan fitila. Likitanka ya yi magana, laifin ya tashi daga fitila ya dawo idona.

Na biyu. Tunda ba ka bar likita ya faɗi gwajinsa ba, layinmu ya ƙirƙiro nasa. Bayan Azahar Alhaji Tanimu ya yanko ƙyallaye ya baza a tebur, ya ce kowa ya zo ya faɗi kalar da ya gani. Malam, da ka zo ka ɗauki wannan da ya fi duk hirar da ka taɓa yi. Ƙyalle ɗaya, na ce ruwan goro. Mai leshi ya ce ruwan ƙasa mai haske. Wani ya ce ruwan zuma. Wani da ya taɓa zama Legas ya kira shi da wani suna na Turanci da ba mu taɓa ji ba. Aka fita da shi rana, kowa ya canja magana, har da ni. Aka dawo da shi inuwa, rabi suka koma ta farko. A ƙarshe kowa ya faɗi jarrabawar wani, amma sakamakon mutum ɗaya aka riƙe, domin mutum ɗaya ne mai ido. Na tambayi Alhaji Tanimu shi wa ya gwada shi da har ya zama alƙali. Ya ce shi bai taɓa sayar da ruwan ƙasa da sunan ruwan hanta ba.

Na uku, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Likita ya ce ta wajen uwa ake gado, ba ka bar shi ya bayyana yadda abin yake ba. Ka san garin nan, ka san inda zance ke zuwa in an ambaci uwa. Mahaifiyata ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta, mace ce da ko muryarta maƙwabta ba su sani ba. Yau ga sunanta a bakin teburin yadi, wani yana tambaya cikin raha ko Ya Fanna ma haka take ganin duniya. Na yi dariya domin a kasuwa wanda ya fara fushi shi ya faɗi. Amma ban ji daɗi ba, kuma ina so ka sani ba daga bakin mai tambayar abin ya faro ba.

Na huɗu. Na koma gida ina neman mai ba ni gaskiya, na ba wa maiɗakina Hajiya Falmata labari. Na zaci za ta ce sharrin 'yan kasuwa ne. Sai ta ajiye ludayi ta ce, "To ai shi ke nan, yau na gane maganar tumatir." Ashe daina aikena cefane da ta yi tun farkon aurenmu ba don girmamawa ba ne, kamar yadda na ɗauka. Wai duk ranar da na sayo tumatir sai ta tsince ɗanye a ciki. Na ce mata mai tumatir ne ke cusa ɗanyen a ƙasan kwano, kowa ya san halinsu. Ta ce haka ne Alhaji, amma sauran maza suna gani su cire. Ka ga inda hirarka ta kai ni: a kasuwa ana tuhumata, a gida an riga an yanke hukunci tun shekarun baya ban sani ba.

Na biyar. Na tsallaka Sabon Gari wurin abokina Oga Chinedu mai sayar da tabarau, haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan layinmu. Ya tsayar da ni gaban allonsa na haruffa, na karanta tun daga manya har ƙananan ƙasa, ban yi tuntuɓe ba. Ya ce, "Alhaji, idonka ya fi nawa, amma allon nan baƙi da fari ne, bai san ja ba, bai san kore ba." Ya ce abin da likitan ke shirin faɗa wani littafi ne mai ɗige-ɗigen launi, an ɓoye lamba a ciki, mai lafiyar ido ya gan ta, wanda ba shi da ita ya ga ɗigo kawai. Ya ce shi ba shi da littafin, sai asibitin ido. Sannan ya ce in sayi tabarau ko don kwarjini. Ban saya ba, amma na gode masa, domin a teburinsa na samu ƙarashen jimlar da gidan rediyo guda ya kasa ba ni.

Na san abin da za ka ce. To Malam Bukar, ka tafi asibitin mana, me ya kawo rediyo ciki? Dalili biyu ne. In na je na dawo da takarda cewa idona lafiya, Alhaji Tanimu zai juya ta gaba da baya ya tambaye ni nawa na ba da. A layinmu abin da rediyo ta ɗaura, rediyo ce kaɗai ke kwance shi. Dalili na biyu kuma, a ce likita ya rufe ƙofa ya gaya mini ina da abin, daga ni sai shi. Na san kaina, ɗan Kwari ne ni. Zan fito ina murmushi in ce an ce lafiya lau, in ci gaba da zaɓar wa mutane kala da dukiyarsu. Ba na son a ba ni wannan damar. Na fi son a gwada ni a fili, a gaban kowa, amma a gwada kowa.

Domin gaskiyar magana, Malam, ni kaina ban sani ba, kuma abin ya daina ba ni tsoro kaɗai, ya fara ba ni sha'awa. Tun ranar nake kallon kayan shagona kamar baƙo. In ɗauki atamfa in riƙe, in ce wannan da nake kira kore, shi ne koren da ke cikin kan mai saye, ko kuwa suna kawai muka haɗa? In idona ba irin na mutane ba ne, ta yaya kalolin da na zaɓa suka yi ta ƙarewa a kasuwa duk shekarun nan? Sa'a ce, ko kuwa na haddace abin da mata ke miƙa hannu su taɓa ne ban sani ba? In kuma idona lafiya, me ya sa mutum huɗu masu hankali suka ba ƙyalle ɗaya suna huɗu? Yanzu kamfani ya fara turo samfur ta hoto a waya, kuma na lura hoto ɗaya a wayata daban, a ta mai leshi daban. Wace waya ce mai gaskiya? Tsufa yana canja yadda ake ganin launi? In da gaske abin ya fi kama maza, me ya sa a duk faɗin saninmu ba a taɓa ba mace katin samfur ba, alhali su ne masu ɗaura kayan? Wannan ta ƙarshe Hajiya Falmata ce ta ce in sa, na sa.

Waɗannan tambayoyin ba na asibiti ba ne, na shirinka ne. Don irinsu muke barin ciniki mu matso kusa da rediyo.

Ga kuma abin da ya sa nake gaggawa. Shugaban layinmu, dattijo mai adalci, ya kira ni gefe ya ce shi bai yarda da gwajin tebur ba, amma dukiyar jama'a ce, kuma zukata sun riga sun yi rawa. Ya ce katin odar sallah yana hanya. In ya iso maganar nan ba ta warware ba, bana Alhaji Tanimu zai zaɓa, a ga yadda za ta kasance. Ni na san kasuwa. Abin da aka karɓa a hannunka don a ga yadda za ta kasance ba ya dawowa.

Saboda haka ina roƙo, cikin girmamawa.

Ka dawo da likitan nan kamar yadda ka yi alkawari a gaban duk mai rediyo a Kano, kuma kafin katin ya iso, ba bayan sallah ba. Ka fara daga inda ka tsayar da shi. Kada ka sake karanto mana makarantun da ya yi da ƙasashen da ya je, mun ji wancan karon, mun yarda likita ne.

In zai yiwu, ku ɗauko na'urarku ku zo Kwari ku yi shirin a layinmu, likita ya zo da littafinsa mai ɗige-ɗige. Ni zan fara zama. Alhaji Tanimu ya biyo baya, sai shugaba, sai duk wanda ya yi dariya ranar ƙyallaye. Benci da ruwan sanyi a wuyana. In aka ce ina da abin, da hannuna zan miƙa katin, kuma zan so likita ya gaya mini abin da nake gani a maimakon abin da kuke gani, domin ko ba komai na cancanci in san wace duniya na zauna a ciki. In aka ce ba ni da shi, ba na neman kowa ya ba ni haƙuri, a dai mayar da laifin ankon Hajiya Uwani kan fitila inda yake.

Ka roƙi likita ya yi wa mutane bayanin gadon nan ta wajen uwa dalla-dalla, yadda za a daina ɗaukarsa abin gori.

Masu kira don gaisuwa kuma ba na gaba da su, zumunci abu ne mai kyau. Ku ware musu shirinsu, su gaishe da juna tun safe har yamma. Amma in masani ya buɗe baki zai faɗi abin da aka tara mu dominsa, a bar shi ya rufe bakin da kansa. Mai maganin basir zai jira. Mu da muke biyan kuɗin batir muna jira tun tuni.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya ɗaukaka gidanku, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ka daga ranar da za a fara maka bayanin abin da ya shafi abincinka a tsaya a tsakiya. Allah ya ba mu ikon ganin gaskiya a kalarta, mu da ku baki ɗaya.

Wassalamu alaikum, na bar ka lafiya.

Naka mai saurare,
Bukar mai yadi, Kantin Kwari.

Af, har na rufe na tuna. Jiya aka nuna mini ashe kuna ɗora bidiyon shirin a waya, sai na nemo na ranar don in sake ji ko akwai abin da ya wuce ni. Karon farko ke nan da na ga fuskarka, ma sha Allah. A idona rigar da ka sa ruwan hanta ce, hular kuma koriya shar, haɗin da ko kyauta ba zan bar kwastomana ya fita da shi daga shagona ba. Na kuma lura daidai inda likita ya ce akwai gwaji mai sauƙi, ka kai hannu ka gyara hular, sannan ka ce akwai mai kira. Ban nuna wa kowa a layi ba tukuna, tunda ba a tabbatar da nawa idon ba. Amma Malam, tsakani da Allah, wa ya zaɓa maka hular nan?